Sayen Sabon Gida a Arewacin Yobe: Wa Ke Riƙe da Kuɗin Kafin a Miƙa Makulli?

A Yusufari, har zuwa 'yan shekarun nan, gida ba abin saye ba ne. Ko dai ka gada, ko Bulama, wato mai unguwa, ya nuna maka fili ka kafa, ka tara ƙasa, ka kira magini, 'yan'uwa su kama maka. Wanda ya ɗora maka ɗaki maƙwabcinka ne. In bango ya tsage bayan damina a masallaci za ku haɗu, kunya kaɗai ta isa ta dawo da shi ya gyara. Yanzu al'amari ya sauya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 ma'aikata suka yawaita a hedikwatocin ƙananan hukumomi. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa, baƙi suka zo neman matsuguni. Nguru kuwa da ma garin kasuwa ne tun zamanin da layin dogo ya iso shi daga Kano. Sai ga sabon ciniki ya shigo mana: mutum ya biya kuɗin gidan da bai gani ba, ko wanda ya gani a kango, ga wanda bai san asalinsa ba, bisa takardar da ba shi ya rubuta ba.

Wanda ke neman sabon gini a wannan yanki, ɗayan uku zai bi: gidan gwamnati, ko na kamfani, ko ya ba magini jinga a kan filinsa. Mutane kan auna su da farashi da yawan ɗakuna. Ni a ganina ma'aunin da ya fi wannan shi ne a tambaya: a tsakanin ranar da aka ƙulla ciniki da ranar da aka miƙa makulli, kuɗin a hannun wa yake, takardar filin kuma da sunan wa? Kusan duk haƙƙin mai saye a kan amsar nan ya rataya.

Gidan gwamnati shi ne ma'aikaci ya fi sa wa rai. A 2019 gwamnatin Mai Mala Buni ta shiga yarjejeniya da Family Homes Funds don gina gidaje 3,600 a jihar, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta aza harsashin gidaje 250 a Damaturu ƙarƙashin shirin Renewed Hope. Ga kuma tsohuwar hanya ta Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance mai ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Wajen sauƙin farashi da sassaucin biya babu ɗan kasuwar da zai kamo ƙafar wannan. Sai dai abin da mutum kan karɓa a hannu a irin waɗannan tsare-tsare, a duk faɗin Najeriya, takardar rabo ce: shafi ɗaya ko biyu, da lambar gida, da farashi, da sharuɗɗa. In ka natsu ka karanta sharuɗɗan za ka tarar mafi yawansu a wuyan mai saye suke. Kada ya sayar, kada ya sauya fasalin ginin sai da izini, in ya yi jinkirin biya a janye rabon. Da wuya ka ga layin da ya faɗi wanda zai gyara in rufi ya yi yoyo a daminar farko.

Dalili shi ne wanda ya gina gidan da hukuma ya yi yarjejeniya, ba da mai shiga ba. A tsakaninsu akwai wa'adin gyara, galibi wata shida ko shekara, akwai kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangila da akan riƙe har wa'adin ya cika. To in aka jinkirta rabon gidaje, kafin mai gida ya shiga wa'adin ya shuɗe, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya yi gaba. Gidan da ya shekara biyu a rufe, rana ta gasa shi, gara ta ɗanɗana katakonsa, a takarda dai sabo ne. Wanda kuma ya guje wa kuɗin ruwa ya zaɓi tsarin biyan haya har a mallaka, ya sani cewa ɗan haya ne shi har ranar da ya biya kaso na ƙarshe. Ya tambaya tun da wuri: in ya yi ritaya fa, in an sallame shi fa, in rai ya yi halinsa fa? Abin da ya biya na shekara goma zai zama na magadansa, ko kuwa za a ce haya ce ta wuce? Wannan tambaya ta marayu ce, kuma uba ne kaɗai zai iya yi musu ita tun yana raye.

Kamfanonin gine-gine masu zaman kansu ba su kafa sansani a Yusufari ba tukuna, amma tallarsu ta riga su isowa ta WhatsApp da Facebook. Ɗan kasuwar Nguru ko malamin jami'a a Gashuwa da ke son gida a Damaturu ko Kano ko Abuja, da su yake hulɗa. Za a turo maka hoton gida da kwamfuta ta zana, da bidiyon fili an kewaye shi da katanga an sa babbar ƙofa, a ce ka ba da kafin alƙalami, sauran ka biya cikin wata 12 ko 24. Mutanen bakin kogi sun san sunan wannan ciniki, sayen kifi a ruwa. Doka ba ta hana shi ba, kuma akwai kamfanoni masu amana da suka cika alkawari. Amma lauyan kamfani ne ya rubuta takardar, kamfanin ne kuma ya biya shi.

Duba yadda ake rubuta ranar miƙa gida. Ranar biyan mai saye a ƙayyade take, da tara a kai in ya saɓa. Ranar kamfani kuwa sai a rubuta "ana sa ran kammalawa", ba tara, ba diyya. Duba batun fasa ciniki: in kai ka gaza, za a zaftare wani kaso na kuɗinka da sunan hidimar ofis, sauran ma a wasu takardun sai an sami wani mai saye za a mayar maka. In kamfanin ne ya gaza, sau da yawa takardar shiru take yi. Duba jerin kayan aiki, inda aka ambaci tayil ko ƙofa ko kwanon rufi sai a liƙa "ko makamancinsa", kalma biyu da suka isa su mayar da ƙofar ƙarfe mai nauyi ta zama ta gwangwani. Sannan can ƙarshe, inda ido ya gaji da karatu, a ce in rigima ta taso ba kotu za a je ba, zaman sulhu za a yi a Abuja ko Legas. Mutumin Yusufari ya lissafa kuɗin mota da masauki da lauya, sai ya bar wa Allah.

Sharaɗin ƙarin farashi shi ne ya fi haddasa husuma, kuma a nan dole a yi wa magina adalci. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu masana'antu a watan Fabrairu aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya yanke farashin gida a 2022 ya shiga tsaka mai wuya da gaske, kuma ba duk wanda ya nemi ƙari ne macuci ba. Abin da ba adalci ba shi ne sharaɗin da ya ba kamfani damar ƙara abin da ya ga dama, lokacin da ya ga dama. Ƙari mai ma'ana shi ne wanda ya shafi ragowar kuɗin da ba a biya ba kawai, aka ɗaura shi a kan kaya sanannu kamar siminti da rodi, aka yi masa iyaka, aka kuma ba mai saye damar janyewa da kuɗinsa cif in an wuce iyakar. Wanda ya biya duka tun farko bai kamata a dawo masa da zancen tsada ba. An karɓi kuɗinsa ne don a sayi kaya a farashin ranar.

Wasu ƙasashe sun sha wannan ɗacin kafin mu, kuma maganin da suka samo iri ɗaya ne: kada kuɗi ya riga gini. A Faransa doka ta hana mai gini karɓar fiye da kashi 35 cikin 100 kafin a gama harsashi, kashi 70 kafin a rufe, kashi 95 kafin a kammala. Kashi 5 na ƙarshe sai ranar karɓar makulli. Bayan haka yana ɗauke da alhakin ƙarfin ginin har shekara 10. Indiya ta yi doka a 2016 da ta tilasta a zuba kashi 70 cikin 100 na kuɗin masu saye a wani asusu na daban wanda ba a taɓa shi sai don wannan aikin, ta hana karɓar fiye da kashi 10 kafin a rubuta yarjejeniya, ta kuma ɗora wa kamfani gyaran aibi na shekara 5. Dubai ta kafa irin wannan asusu tun 2007. Inda aka yi sakaci kuwa an ga sakamako. Kamfanin Evergrande na ƙasar Sin ya durƙushe a 2021 da kuɗin ɗimbin mutanen da suka biya gidajen da ba a gama ba, har a 2022 masu saye a birane da yawa suka yi barazanar daina biyan bashin banki. Mu a nan babu dokar tarayya da ta tsara biya daki-daki irin wannan. Legas ta kafa hukumar sa ido kan masu harkar gidaje. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta haramta sharuɗɗan zalunci a cikin yarjejeniya, ta ba hukumar FCCPC ikon sauraron koke. Tana da amfani, amma bayan kuɗi ya fita ake nemanta.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa ƙarfi a cikin ukun nan shi ne wanda ya ba magini jinga a kan filinsa, wato mafi yawan mutanen Yusufari. Fili nasa ne, kuɗi na aljihunsa, idonsa na kan aiki. Amma shi ne kuma ya fi kowa zubar da wannan ƙarfi, don da baki ake gamawa. "Ɗaki uku da falo, nawa za ka yi mini?" A yi ciniki a kan tabarma, a yi musafaha, a ba da rabi. Ba a faɗi zurfin harsashi ba, ba a faɗi kaurin rodi ba, ba a faɗi bulo nawa za a buga da buhu ɗaya ba. Ranar da kuɗi ya ƙare gini yana linta, kowa na da gaskiyarsa, domin babu abin da za a koma a duba.

Ƙasarmu kuwa ba ta yafe ganganci. Yankin nan rairayi ne, babu dutse, tsakuwa daga nesa tifa ke kawo ta, don haka ita ce farkon abin da ake tauyewa. Yashin tudu mai laushi yana nan kyauta a bayan gari, amma bulon da aka buga da shi in siminti ya yi ƙaranci, ka ɗaga shi daidai ƙugu ka saki, ka ga ya watse. Wani ma da ɗan yatsa za ka murje gefensa. A wuraren da ƙasa ke da kanwa da gishiri, irin na kusa da kwaruruka, danshi kan hau bango ya bar farin gari, filasta ta kumbure ta zube, gindin bango ya ciwu. Maganinsa a shimfiɗa leda mai kauri da kankare kafin a tashi bango, aikin da ba wanda zai gani bayan an rufe, shi ya sa ake tsallake shi. Iskar farkon damina kuma tana zuwa ne ta gwada yadda aka ɗaure katako da linta. Inda aka dogara ga ƙusa kaɗai, da safe a gonar maƙwabci za a tsinci kwano. A Gashuwa da Nguru matsalar ruwa ce. Filin da ka gani a bushe ƙayau a watan Maris, tambayi dattawan unguwa inda ambaliyar 2022 ta tsaya kafin ka ba da ko sisi. Duk waɗannan abubuwa ne da shafi ɗaya zai ɗauke: zurfin harsashi, lambar rodi, adadin bulo a buhu, kaurin kwano, da biya kashi-kashi, na harsashi, na linta, na rufi, na filasta, sannan a riƙe wani abu har damina ɗaya ta wuce a kan ginin. Magini na ƙwarai ba ya ƙin wannan, don shi ma kariya ce gare shi daga mai gidan da zai ƙaro ɗaki a tsakiyar aiki ya ce ai yana cikin jinga.

Sai batun fili, wanda ya sha gaban komai, domin gida mai kyau a kan filin rigima asara ce mai fenti. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni shi ke ba da takardar mallaka, wadda kowa ya sani da C of O, galibi ta shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin zama na gargajiya. Sayar da fili mai takardar gwamna ko jinginar da shi ba ya inganta sai da amincewarsa, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar Savannah Bank da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Abin da wannan ke nufi ga mai sayen gidan kamfani shi ne: takardar babban filin da sunan kamfani take, rasit da takardar rabo da ke hannunka ba su mayar da kai mai fili ba. Kai har mai yiwuwa kamfanin ya riga ya ajiye takardar a banki ya ci bashi a kanta. A Yobe yanzu akwai hukumar YOGIS da ke riƙe da bayanan filaye. A je can a bincika kafin biya, a kuma rubuta a yarjejeniya wanda zai nemo amincewar gwamna, da kuɗin wa, cikin wata nawa. Shaidar Bulama da Lawan tana da daraja, ita ce ke gaya maka tarihin fili da masu gadonsa, amma ba ta maye gurbin rajista. A sani kuma rigimar mallakar fili mai takardar gwamna Babbar Kotun jiha ce kaɗai ke da hurumin sauraronta.

To in an shiga gida aibi ya bayyana fa? Dokar da muka gada daga Ingila ta raba abin gida biyu. Wanda ya sayi ginin da aka riga aka gama, idonsa ne mai tsaronsa. Abin da bai duba ba, bai kuma sa an rubuta ba, galibi nasa ne. Wanda ya saya ana cikin gini kuwa, tun a 1931 wata kotun Ingila ta yanke cewa ko ba a rubuta ba, akwai alkawarin a yi aikin da kyau, da kaya masu inganci, gidan ya zaunu. Sai dai sharaɗin da aka rubuta ƙarara yana iya rage ƙarfin wannan, shi ya sa kamfanoni ke son layin nan na "mai saye ya duba ya gamsu".

Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka tashi a kansa ya yi wa mai saye tanadin da mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Malamai sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, ba a komawa kansa, matsakaici, wanda mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage, da babba, kamar tsagewar da ake tsoron ta kai ga rushewa, wanda ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Wanda kuma ya san aibi ya ɓoye, cewa "na sayar maka yadda ka gani" ba ta wanke shi. Game da sayen abin da ba a ƙera ba tukuna, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta halatta shi da sharaɗin a bayyana nau'insa da siffofinsa da wa'adinsa, ta yarda a biya kashi-kashi ko a jinkirta biya, ta kuma yarda a sa tara a kan mai aikin da ya saɓa wa'adi ba da wani uzuri da ya fi ƙarfinsa ba. Ke nan mai sayen da ya nemi a rubuta ranar miƙa gida da tarar jinkiri bai zo da baƙon abu ba.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Mutum na jin nauyin ya ce wa Alhaji ko ɗan'uwan matarsa a rubuta, kada a ce bai yarda da shi ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga mutanen da suka fi mu amana aka saukar da ita. Zumuncin da na ga ya lalace a kan gini, rashin takarda ne ya lalata shi, ba samuwarta ba. Kuɗin da za ka ba lauya ya karanta maka yarjejeniya, da na injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya leƙa aikin kafin a rufe harsashi da kafin a yi filasta, bai kai kuɗin sake rufin ɗaki ɗaya ba.

Duk da haka bai dace a bar wa ɗaiɗaikun mutane wannan nauyi ba. Malamin firamare a Yusufari ba shi da bakin da zai sa kamfani ko hukuma su sauya layi ɗaya a takardarsu. Harkar filaye da tsara gine-gine a hannun jiha take, don haka Majalisar Dokokin Yobe na da ikon yin abin da ya kamata tun kafin kamfanonin su cika Damaturu da Gashuwa da Nguru: duk mai sayar da gidan da bai gama ba ya yi rajista ya nuna takardar filinsa, a ɗaura biya a kan matakin da gini ya kai, a hana karɓar kason ƙarshe sai an miƙa makulli, a kuma wajabta wa'adin gyara da zai fara daga ranar da mai saye ya shiga, ba ranar da ɗan kwangila ya tafi ba. Gwamnati ta fara da nata gidajen, ta sa wannan wa'adi a cikin takardar rabo. Kafin a kai ga haka, kai mai shirin saye ko ba da jinga a bana, kada ka biya kuɗin rufi alhali gini yana harsashi, kuma kada ka sa hannu a kan takardar da ba a ba ka ka tafi da ita gida an karanta maka ba.